Yadda na haɗa wa tsohuwar a-kori-kurata geji na lantarki

Allurar zafi ta motata ba ta taɓa wuce tsakiya ba, har ranar da gasket ɗin kan injin ya ƙone. Ina hawan wani dogon tudu da kaya a baya sai na ji warin ƙuna yana shigowa ta wajen ƙafata. Na duba allura, tana nan inda na saba ganinta, ko gezau. Da na tsaya na ɗaga bonet, tururi ne ya tare ni. Motar ta shekarun 1980 ce, injin gas mai silinda huɗu da turbo, famfon gas ɗinta ƙarfe ne zalla, babu ko ƙwayar kwamfuta a jikinta. Bayan bakanike ya gama nasa aikin, ni ma na soma nawa.

Mai sabuwar mota ba shi da wannan wahalar. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket ɗin OBD-II, daga baya sauran ƙasashe suka bi sahu, sai dai mutum ya soka na'ura injin ya faɗi abin da ke damunsa. Tsohuwar mota kuwa duk abin da kake son sani, kai za ka auna da kanka.

Kuskurena na farko shi ne sayen allo kafin komai. Na shafe makonni ina zana lambobi masu kala a kan tebur, da na ɗaura a mota lambobin suka yi ta rawa kamar masu jin sanyi. Allo shi ne abu na ƙarshe. Ka fara da wuta, sai at (hanyar da wuta ke bi ta koma, ta jikin ƙarfen mota), sai sensa, sai gwaji, sannan ka zo kan ado.

Ƙwaƙwalwar da na yi amfani da ita Arduino Nano ce, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da kai ne kake rubuta mata umarni, mai guntun ATmega328P. Da 5V take aiki, tana da ƙafafu 8 na karanta ƙarfin wuta, kowace tana raba 0 zuwa 5V gida 1024, wato kowane mataki kusan milivolt 5. Wannan ya ishi geji. ESP32 ta fi ta sauri kuma tana da Wi-Fi da Bluetooth, amma da 3.3V take aiki, kuma karatunta ba ya tafiya a miƙe, musamman a can ƙasa da can sama. Idan ita ka zaɓa, ka haɗa mata ADS1115 ya riƙa yin karatun.

Wutar mota ba ta da tarbiyya

Ana cewa 12V, amma da wuya ka same ta a 12. Batir mai cikakken caji yana hutawa a 12.6V. Injin na tashi altaneta ta kai shi 13.8 zuwa 14.4. Lokacin da kake murza makulli, sitata yana janye wutar ta faɗi zuwa 9 ko 10, a kan batir mai rauni ma ƙasa da haka. Mafi muni shi ne idan kan batir ya yi sako-sako ya rabu alhali altaneta tana cikin caji: wutar da ba ta da wurin zuwa tana iya tsalle ta doshi 100V na ɗan wani yanki na daƙiƙa. Fitila za ta iya sha ta rayu. Arduino ba za ta sha ba.

Ga yadda na jera nawa daga makulli zuwa akwatin da Arduino ke ciki. Na ɗauko wuta daga wayar da ke samun wuta sai an kunna makulli, na sa fiyus na 2A dab da inda na ɗauko ta, ba kusa da akwatin ba, domin fiyus waya yake karewa daga kamawa da wuta. Bayan fiyus akwai dayod ɗin TVS tsakanin wuta da at. Ni SM8S24A na sa, wanda don irin wannan tsallen aka ƙera shi, yana danne wutar ƙasa da 40V. Daga nan sai dayod ɗin Schottky a jere, saboda ranar da wani zai juya kan batir, sai kafasita 1000µF wanda ke riƙe na'urar lokacin da sitata ke jan wuta, sannan mai sauke wuta zuwa 5V.

Kar ka yi amfani da mai sauke wuta irin 7805 idan akwai allo. Shi rarar wutar yake mayarwa zafi: daga 14V zuwa 5V rarar 9V ce, idan allo da sensa suna jan 0.2A, wat 1.8 ke nan yana dafa ɗan ƙarfen nan. LM2596 ya fi, iyakarsa 40V. Idan motarka mai batir biyu ce mai 24V, cajinta yana kai 28V, don haka ka nemi LM2596HV mai ɗaukar 60V da TVS da ya dace da ita.

Da ka gama, ka sa mita ka auna abin da ke fitowa. Nawa 4.93V ya ba ni, kuma wannan lambar na rubuta a cikin lissafi, ba 5 ba. Don auna batir ɗin kansa, rizisto 33k a sama da 10k a ƙasa suna mayar da 14.4V ya zama 3.35V, Arduino ta karanta lafiya.

At

Nan na fi shan wahala, shi ya sa zan daɗe a kai. Bayan na gyara wuta lambobi suka natsu da rana. Da dare kuwa ina kunna manyan fitilu sai zafin ruwa ya haura da digiri 5 nan take, in kashe ya sauko. Ruwa ba ya zafi da ganin fitila, to me ke faruwa?

Sensar da na sa mai waya ɗaya ce, at ɗinta jikin injin ne. Ita kuma Arduino na ɗaure nata at ɗin a wani ƙarfe a bayan dashbod. A ido duk at ne, amma tsakanin bodi da injin akwai wata tsohuwar wayar at da ta ci tsatsa, kuma duk wutar fitilu ta nan take komawa wurin altaneta. Da na sa mita tsakanin bodi da injin, fitilu a kunne, na ga 0.1V. A wurin kwan fitila wannan ba komai ba ne. A wurin Arduino mataki 20 ne, kuma a zafin da injin ke aiki mataki 20 kusan digiri 5 ne.

Maganin kashi biyu ne. Na farko, na kwance wayar at ɗin nan na goge wurin zamanta har ƙarfe ya yi fari, na ƙara wata mai kauri. Na biyu, wanda shi ne na gaskiya, na daina amfani da jikin mota a matsayin hanyar dawowar sensa. Kowace sensa yanzu mai waya biyu ce ko uku, at ɗinta yana dawowa da wayarsa har cikin akwati, su haɗu a wuri ɗaya, daga nan waya ɗaya tak ta tafi jikin injin. Fanka da rile da duk abin da ke jan wuta da yawa, nasu at ɗin daban.

Wayoyin sensa kuma ka nisanta su da wayar sitata da ta altaneta, a injin fetur har da wayoyin fulogi. Idan dole su haɗu, su gitta juna, kar su jera. Idan ka yi amfani da waya mai rigar ƙarfe, rigar a gefe ɗaya kawai ake ɗaure ta da at, gefen akwati. Kowace ƙafar karatu kuma na sa mata kafasita 100nF zuwa at.

Zafin ruwa, da abin da allurar nan ta ɓoye mini

Sensar zafi rizisto ce da ke raguwa idan ta ji zafi. Irin ta Bosch da ta cika motoci tana ba da kusan ohm 2500 a digiri 20, ohm 323 a digiri 80, ohm 187 a digiri 100. Ana haɗa ta da wani rizisto daga 5V, a karanta tsakiyarsu. Girman wannan riziston ba abin wasa ba ne. Yawancin misalan da za ka gani 10k suke sawa, domin zafin ɗaki suke aunawa. Da 10k, tsakanin digiri 80 da 100 mataki 13 kacal za ka samu. Da 1k za ka samu kusan 89, sama da mataki huɗu a kowane digiri, a daidai wurin da ran injin yake. Ka sa 1k.

Raguwar ba a miƙe take ba, saboda haka ba a raba ta da ƙa'idar kai-tsaye. Ko dai ka yi amfani da lissafin Steinhart-Hart, wanda awo a zafi uku daban-daban yake buƙata, ko ka rubuta jadawalin ohm da digiri a cikin Arduino ta riƙa cike tsakani. Ni jadawali na yi, ya fi sauƙin gyara. Kafin ka ɗaura sensa a injin, ka gwada ta a ruwan ƙanƙara, wanda digiri 0 ne, da ruwa mai tafasa. Ka tuna ruwa a digiri 100 yake tafasa a gaɓar teku kawai. Duk hawan mita 300 yana rage kusan digiri ɗaya. Ka sa ma'aunin zafi na hannu a cikin ruwan, ka riƙa rubuta karatu yayin da yake hucewa.

A wurin wannan gwajin ne na jefa tsohuwar sensar motar a ruwan zafi don in kama ta da laifi, sai na ga lafiyarta ƙalau. Ashe ranar nan wani tiyo ne ya tsage, ruwa ya zube har ya sauka ƙasa da bakin sensa. Sensa ruwa take aunawa. Da ruwan ya bar ta, sai ta koma auna iska da tururi, allura ta zauna a tsakiya alhali ƙarfe yana gasuwa. Da sabon gejin nawa ne a wurin, da shi ma abin da zai yi ke nan, sai dai ya yi shi da lambobi masu kyau. Don haka na ƙara abu biyu. Ɗaya sensar zafi mai zobe, na ɗaure ta da wani ƙaramin noti a jikin kan injin, tana auna ƙarfen kansa, ko da ruwa ko babu. Kar ka kwance manyan kusoshin da ke riƙe kan injin don wannan, ka nemi wani ƙarami. Na biyu sensar da ke sanar da ni idan ruwa ya sauka a saman lagireto. Idan za ka ɗauki abu ɗaya daga wannan rubutu ka bar saura, ka ɗauki wannan.

Baƙin mai

Jar fitilar baƙin mai ta yawancin injuna sai matsin ya faɗi ƙasa da kusan rabin bar take kamawa. A kan gudu, kafin ta kama ɓarna ta yi nisa. Abin da bakanikai suka saba ƙiyastawa shi ne aƙalla bar 0.7 a kowane juyi 1000 a minti, amma littafin injinka shi ne alƙali.

Ka sayi sensa mai waya uku: 5V, at, da sigina. Irin mai 0 zuwa bar 10 tana ba da 0.5V idan babu matsi, 4.5V a bar 10. Lissafin mai sauƙi ne: cire 0.5 daga abin da ka karanta, ka raba da 0.4. Idan ka ga 2.1V, bar 4 ke nan. Wannan 0.5V na ƙasa alheri ne, domin idan ka ga sifili ka san waya ce ta tsinke, ba mai ne ya ƙare ba.

Wajen ɗaurawa ka kula da haƙoran ramin. Akwai 1/8 NPT mai haƙora 27 a inci, akwai 1/8 BSPT mai 28, wanda injunan Japan da yawa ke amfani da shi, akwai kuma M10×1 na Turai. Na farko da na biyu a ido kamar tagwaye suke, za su shiga juyi biyu ko uku sannan su cije, idan ka matsa ka ɓata ramin da ke jikin injin. Ka nemi mahaɗin da ya dace. Kuma kar ka cire tsohon makunnin jar fitila. Ka raba ramin biyu su zauna tare. Sai dai injin gas yana da jijjiga, kuma sensa mai nauyi a kan dogon mahaɗin tagulla wata rana za ta karya shi, mai ya tsiyaye. Ni gajeren tiyo mai ɗaukar matsi na ja, na ɗaure sensar a jikin bodi.

Juyin injin

Injin gas ba shi da kwayil, don haka daga altaneta na ɗauko, ta ƙafar da aka rubuta wa W. Wannan ƙafar tana ba da wuta mai kai-da-komo daidai da gudun altaneta. Yawancinsu bugu 6 suke yi a kowane juyi nasu. Fulin injina ya ninka na altaneta sau biyu da rabi, don haka kowane juyin injin bugu 15 ne. A silo na 800, bugu 200 a daƙiƙa. Na shigar da shi ta PC817, wanda da haske yake isar da saƙo, babu waya tsakanin ɓangaren mota da na Arduino, da rizisto 2.2k a gabansa da dayod a juye don kare shi. Daga nan zuwa ƙafar D2, domin D2 da D3 su ne ke katse Nano nan take idan bugu ya zo.

Awon fuli da rula ba ya cika daidai, saboda bel a cikin kwarin fuli yake zama. Na manna farin tef mai ƙyalli a fulin injin, na auna da na'urar hannu mai hasken lesa, na gyara lambar har suka yi daidai. Wata riba da ban nema ba: ranar da bel ya soma santsi, gejin ya nuna juyi yana faɗuwa alhali kunnena yana jin injin yana hawa.

A injin fetur daga ƙafar kwayil mai alamar ragi ake ɗauka. Silinda huɗu bugu 2 a juyi, shida 3, takwas 4. Wannan ƙafar tana tsalle zuwa ɗaruruwan volt duk lokacin da fulogi ya yi tartsatsi, kar ka kusantar da ita ga Arduino sai ta bayan PC817 da babban rizisto. Tartsatsin kuma yana da amsa-kuwwa, sai ka umarci Arduino ta yi watsi da duk bugun da ya zo ƙasa da milisakan 2 bayan na gabansa. Tunda bugun kaɗan ne, auna tazarar da ke tsakaninsu ya fi ƙirga su.

Zafin hayaƙi

Ga mai turbo da ke ɗaukar kaya, wannan gejin ya fi na ruwa saurin magana. Ruwa sai bayan mintuna yake nuna injin yana wahala, hayaƙi kuwa cikin daƙiƙu. Ana aunawa da tsinken tamokoful nau'in K, wanda kusan mikrovolt 41 yake bayarwa a kowane digiri, abin da Arduino ba za ta gani ba sai da MAX31855 a tsakani. Shi MAX31855 da 3.3V yake aiki, ka nemi wanda aka haɗa wa mai daidaita wuta, kuma tsinken ya zama wanda bakinsa bai haɗu da rigarsa ta ƙarfe ba, in ba haka ba zai yi ta kukan kuskure.

Wayar tamokoful ba a ƙara ta da wayar tagulla. Sai irin tata. A launin Amurka rawaya ce tabbatacciya, ja kuma ita ce ta ragi, akasin abin da hannu ya saba. A launin Turai kore ce tabbatacciya, fara kuma ta ragi. Idan ka rikice, maganaɗisu yana ɗan kama ƙafar ragi. Ni na juya su da farko, ina taka totur zafi yana sauka.

Tsinken kafin turbo ake sa shi, a jikin manifol, domin bayan turbo hayaƙin ya riga ya huce da digiri ɗari ko fiye. Ka kwance manifol ɗin kafin ka huda shi. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya ci fukafukan turbo. Na sa gargaɗina a digiri 650. Idan ya yi ƙara, in sassauta totur ko in sauke giya.

Tanki da maleji ba su da wani dogon labari. Sensar tanki rizisto ce da ƙwallo mai iyo, kuma kowane kamfani da nasa: akwai 0 zuwa 90, akwai 73 zuwa 10, akwai 240 zuwa 33, akwai 10 zuwa 180. Ka cire tsohon gejin daga wayar kafin ka haɗa naka, don wasu tsofaffin geji wuta mai kamawa da ɗaukewa suke tura wa sensa. Tanki ba murabba'i ba ne, saboda haka na zuke shi, na riƙa zuba lita biyar-biyar ina rubuta karatu. Karatun kuma na minti ɗaya nake tarawa in raba, in ba haka ba kowace kwana sai mai ya "ƙare". Gudu kuwa GPS na sa, NEO-6M. Da ma'aunin jirgin ruwa yake bayarwa, a ninka da 1.852 ya zama kilomita a awa. Tsohon maleji mai kebul na bar shi inda yake.

Abin da za ka rubuta wa Arduino

Kar ka yi amfani da umarnin jira na delay(), domin yayin da take jira makauniya ce. Da millis() za ka tsara: baƙin mai da juyi sau goma a daƙiƙa, zafi sau biyu, tanki jefi-jefi. Don lambobi su daina rawa, sabon karatu kar ya ture tsohon gaba ɗaya. Ka ɗauki bambancinsu ka raba takwas ka ƙara a kan tsohon. Amma baƙin mai kar ka lallashe shi da yawa, shi labarinsa da gaggawa ake so.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne na'urar ta san lokacin da ba ta sani ba. Idan wayar sensar zafi ta tsinke, karatu zai tafi 1023, lissafi ya fassara shi da matsanancin sanyi, ka yi ta tafiya hankali kwance. Don haka duk karatun da ya fita daga iyakar hankali, nawa allon ba ya nuna lamba, sai ya rubuta WAYA da ja. Akwai kuma ɗan ɗigo a kusurwa da ke ƙiftawa kowace daƙiƙa; idan ya tsaya, na san na'urar ta sandare kuma lambobin da nake gani tsofaffi ne. Na kunna mai gadin cikin ATmega, wanda ke sake tada ta idan ta maƙale, amma ka sani Nano mai tsohuwar manhajar tashi tana shiga zagayen da ba ya ƙarewa da shi. Ka sa mata sabuwar manhajar tashi, Optiboot, tukuna.

Gargaɗin baƙin mai sai juyi ya wuce 500 kuma matsin ya yi daƙiƙa guda a ƙasa, in ba haka ba kullum ka murza makulli sai ya yi ihu, kuma ƙararrawar da ke ihu kullum kunne yana daina jin ta. Idan kana ajiye awannin aikin injin a EEPROM, wato ma'ajiyar Arduino da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, rubutu 100,000 aka lamunce wa kowane gurbi. Duk daƙiƙa idan kana rubutawa, kwana biyu ba za ta kai ba. Ni duk minti goma nake yi.

Yanzu sai allo

Ƙaramin OLED mai inci 0.96 ya yi kyau a tebur, a mota sai ka sunkuya kafin ka karanta, kuma lambar da ta daɗe a wuri ɗaya tana barin tabo. Na koma TFT mai inci 2.8 da ILI9341. Nano 2KB kawai take da shi na ƙwaƙwalwar aiki, don haka ba a goge allo duka a sake zanawa, lambar da ta canza kaɗai ake taɓawa. Wayoyin allo gajeru, ƙasa da taƙi ɗaya. Na yi masa 'yar rumfa saboda rana, na kuma ɗauko sigina daga wayar ƙananan fitilu don ya rage haske da dare. Daren farko kafin in yi haka, kamar an haska mini tocila a ido. Idan kana sa baƙin tabarau mai tace haske, ka gwada allon da shi kafin ka yanka dashbod, wani allon baƙi ƙirin yake komawa.

Direba ba karatu ya zo yi ba. Lambobi huɗu manya na bari a fuska, farare idan lafiya, ja idan da matsala, da ƙararrawa da jan kwan fitila a saitin ido. Akwatin yana cikin gida ƙarƙashin dashbod, ba wajen injin ba, don ATmega328P digiri 85 ce iyakarta. Idan buga akwatin za ka yi da injin 3D, ban da PLA, wanda tun wajen digiri 60 yake laushi. Nawa na farko ya lanƙwashe a motar da aka rufe a rana. Wayoyi a wajen injin matse su nake yi da kan waya maimakon dalma, domin dalma tana sandarar da waya, jijjiga ta karya ta a daidai inda dalmar ta ƙare. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe, a sa mata zoben roba.

Daga kallo zuwa ba da umarni

Wata uku na bar na'urar tana kallo kawai kafin in ba ta ikon taɓa komai. Abu na farko da na miƙa mata shi ne fankar lagireto ta lantarki. Ƙafar Arduino kusan 20mA take iya bayarwa cikin aminci, rile na mota kuwa yana jan wajen 150mA, don haka akwai taransisto a tsakani, da dayod 1N4007 a juye a kan kwayil ɗin rilen don ya shanye tsallen da yake yi idan an kashe shi. Fanka tana da fiyus nata da waya mai kauri kai-tsaye daga batir. Tana kamawa a digiri 95, ta tsaya a 89. Idan lamba ɗaya ka sa wa duka biyun, rile zai yi ta ƙas-ƙas har ya ƙone. Idan sensa ta mutu, umarnin shi ne fanka ta kama. Akwai kuma makunni na hannu da ke tada ta ko an cire Arduino an jefar.

Na biyu hita fulogi: gwargwadon sanyin injin, gwargwadon daƙiƙun da za ta ba su, da iyakar da ba za ta wuce ba ko me sensa ta ce.

Wani abokina ya ce, "Malam, tunda ta san baƙin mai ya faɗi, me zai hana ta kashe injin da kanta? Waya ɗaya ce fa a jikin famfo." Waya ɗaya ce, gaskiya ne. Na ƙi. Injin da ya mutu a kan gangara yana tafiya da taimakon sitiyari, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu ya yi tauri, kuma waya ɗaya da ta yi sako-sako ta isa ta jawo hakan alhali injin lafiya lau. Ta yi ihu, ni in nemi wurin tsayawa.

Mai injin fetur da ke son barin kafireto, hanyar a buɗe take kuma ba sai ya ƙirƙiro komai ba. MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka fito da ita a farkon shekarun 2000, da Speeduino, wadda ke hawa kan Arduino Mega 2560, duka kwamfutocin injin ne da ke sarrafa nozul da tartsatsi, ana saita su da manhajar TunerStudio. Za ka buƙaci faranti mai haƙora a fulin injin, irin 36-1 ko 60-2, inda haƙorin da aka cire ke shaida wa kwamfuta inda fistin yake, da sensar iskar hayaƙi irin Bosch LSU 4.9 don ka ga ko cakuɗin yana kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Ka ɗauki ɗaya tukuna, ko mai ko tartsatsi, ka bar ɗayan yadda yake har motar ta yi wata tana tashi da bugu ɗaya. Duk abin da na faɗa a kan wuta da at, a nan ninkuwa yake.

Na koma tudun nan da kaya kusan irin na ranar. A giya ta huɗu hayaƙi ya haura 640 tun ruwa yana 88, na sauke zuwa ta uku, juyi ya hau 2800, hayaƙi ya dawo 560. Ruwa ya taɓa 95 kusa da ƙarshe, na ji fanka ta kama, ƙarfen kan injin ya tsaya a 101. Baƙin mai bar 3.6. A saman tudun na tsaya na bar shi a silo har hayaƙi ya sauko ƙasa da 200 kafin in kashe, saboda turbo. A nan ne na lura matsin mai a silo, injin da zafi, bar 0.9 ne, alhali watan da ya wuce 1.1 na rubuta a littafi. Jar fitila ba ta ce komai ba. Na riga na ari gejin hannu mai allura, ranar hutu zan ɗaura shi a ramin in ga ko sensa ce ko injin.